Wanda ya yi kisa cikin mayen ƙwaya, hukuncinsa ɗaya ne da na mahaukaci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ƙanena mai shekara 22 ya sha ƙwaya, rigima ta haɗa shi da wani yaron maƙwabta a kan waya, ya daɓa masa wuƙa, yaron ya cika kafin a kai shi asibiti. Yanzu yana tsare. Ya rantse mana bai san abin da ya yi ba sai da ya farka. Wasu sun ce tunda ba ya cikin hayyacinsa, alƙalami ya sauka daga kansa kamar mahaukaci. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya ba iyayensa haƙuri, ku ma Ya yaye muku wannan musiba.

'Yar'uwa, abin da aka faɗa miki ba haka yake ba. Gaskiya ne shari'a ba ta kama mutum da laifi sai in baligi ne mai hankali. Hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. Amma ki duba su ukun nan, babu wanda ya jawo wa kansa halin da yake ciki. Ƙanenki kuwa da ƙafarsa ya je wurin mai ƙwaya, da kuɗinsa ya saya, da hannunsa ya kai baki, alhali ya san abin da take sa mutum. Rangwamen da Allah Ya yi wa mai uzuri ba a samunsa ta hanyar saɓo.

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Marwan ɗan Hakam, yana gwamnan Madina, ya rubuta wa Mu'awiya (Allah Ya yarda da shi) game da wani mahaukaci da ya kashe mutum. Mu'awiya ya ce kada a yi masa ƙisasi, domin babu ƙisasi a kan mahaukaci. Da aka kawo wa Marwan wani mashayi da ya yi kisa yana cikin maye, ya sake rubutawa, amsa ta zo cewa a kashe shi. Gwamna ɗaya, halifa ɗaya, hukunci biyu. A kan wannan mazhabarmu ta Malikiyya ta tafi, kuma Ibnu Abi Zaid ya faɗa ƙarara a Risala: mai maye in ya kashe, a kashe shi, mahaukaci in ya kashe, diyya tana kan danginsa na wajen uba. Da za a buɗe wannan ƙofa, duk mai jin haushin wani sai ya fara afa ƙwaya kafin ya ɗauki wuƙa, jinin mutane ya tafi a banza.

Akwai wurare biyu da hukuncin ke canzawa. In an zuba masa abin a abinci ko lemo bai sani ba, ko an tilasta masa sha, ko likita ya rubuta masa magani ya sha yadda aka ce sai ya juya masa kai, to wannan mai uzuri ne, babu ƙisasi, sai diyya. Dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya (Penal Code) ma ta bambanta maye na ganganci da wanda aka jefa mutum ciki ba da saninsa ba. Haka nan in dogon shaye-shaye ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwarsa har ya zama ciwon hauka na gaske, wanda ba ya sakinsa ko bai sha komai ba, kuma a cikin ciwon ya yi kisan, to mahaukaci ne. Sai dai ba dangi ke tabbatar da wannan ba, kuma rantsuwarsa ba ta isa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa ne za su duba shi, alƙali ya auna shaida. Ina roƙonki da Allah, kada tausayi ya sa ku nemi takardar hauka ta ƙarya. Shaidar zur ce a kan jinin wani.

Ƙofar da ta rage muku ita ce ta aya ta 178 a Suratul Baƙara. Ƙisasi haƙƙin waliyyan mamaci ne, suna iya yafewa kyauta ko a kan diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinari. Ku nemi dattawan unguwa da limami su shiga gaba, ku je da ƙanƙan da kai, ba da gardamar cewa yaronku bai san abin da ya yi ba, don wannan magana ƙara wa iyayen mamaci ciwo take yi. In sun yafe, a wurin Malikiyya ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya, kuma diyyar kisan ganganci a kan dukiyarsa take, ba dole ba ce a kan dangi sai in kun taimaka masa don Allah. In kuma sun ƙi, ba su yi laifi ba. Zartar da hukunci kuwa na kotu ne kaɗai, dangin mamaci ba su da ikon ɗaukar fansa da hannunsu.

Wallahu a'alam.