Bidiyo kan gine-gine da muhalli: ka bi yashi kawai

Ƙanena, ka ce bidiyon da kake haɗawa na aikin makaranta a Marwa ta ƙasar Kamaru, kan gine-gine da muhalli, ya kai minti 20, malaminka kuma ya ce bai gane inda ya dosa ba. Kana tambaya me za ka gyara.

Malam yana da gaskiya. Ka kwaso siminti da sare itatuwa da ambaliya da shara duk a lokaci guda. Zaɓi abu ɗaya, ni dai yashi zan ce. Da rani kogin Mayo Kaliao da ya ratsa Marwa yakan ƙafe, masu shebur su shiga ɗibar yashi. Fara daga nan, ka bi yashin zuwa wurin masu buga bulo, har bangon da birkila yake ɗorawa. Kafa kyamara wuri guda, kada ka yi ta yawo da ita. Ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, don rana tsaka tana wanke hoto. In ka sa kiɗa, cire shi. Ƙarar shebur da injin bulo ta wadatar.

Siminti kuwa jimla ɗaya ta ishe shi: a masana'antar siminti irin ta garin Figuil ana gasa dutsen farar ƙasa da zafin kusan digiri 1450, iskar kabon mai ɗumama yanayi tana fita. In kana son abin kwatantawa, ga ɗakunan laka na ƙabilar Musgum a garin Pouss, babu siminti a jikinsu.

Nemi izinin leburori kafin ka ɗauki fuskarsu, sannan ka rage bidiyon zuwa minti 6 ko 7.