Maciji a ɗakin kaji, ɓera a rumbu, kyanwa a tsakiya: amsoshin tambayoyinku

Wani ɗan uwa da ya koma zama a gidan gona ya tambaya: "Malam ina da kaji da ɗan lambu, sau uku kenan ina ganin maciji a ɗakin kajin kuma ƙwai na ɓacewa, wane magani zan zuba ya kore su gaba ɗaya?"

Toh ɗan uwa, macijin nan ɓera ya biyo, shi kuma ɓeran abincin kajinka ya biyo, daga nan za ka fara gyara. Ka ɗauki tocila da daddare ka haska gindin bango da bayan buhuna, za ka ga ƙananan kashin ɓera baƙaƙe a warwatse, da wani ɗan layi mai maiƙo a jikin bango inda suke gogawa in za su wuce. In ka ga haka ka gano bakin zaren. Ka juye abincin kaji a durom na ƙarfe mai murfi, ka riƙa kwashe mazubin abinci da yamma, wanda ya zube ka share, ƙwai kuma ka kwashe sau biyu a rana kar ya kwana. Ciyawar da ke kewaye da ɗakin a sassabe ta, tarin itace da tsofaffin kwanon rufi da ke kwance a ƙasa a ɗaga su a nisanta, don ƙarƙashinsu ne maciji ke lafewa. Ragar da za ka sa a taga da ƙofa idonta kar ya wuce milimita 6, duk ramin da biro zai shige to ƙaramin ɓera ma zai shige. Shi kuwa zuba kalanzir ko baƙin mai da ake ta faɗa, gaskiya ban yarda da shi ba, ƙasarka kawai zai lalata, maciji ya bi ta gefe ya wuce abinsa.

Kuma don Allah in tsautsayi ya sa ya sari wani, kar a tsaga wurin, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe ko agogo tun kafin kumburi, mutum ya natsu ya daina motsa gaɓar, a ɗauke shi sai asibiti.

Wata 'yar uwa kuma ta ce ta sa maganin ɓera a wurin da kyanwarta ba ta kaiwa, amma bayan kwanaki kyanwar ta yi laushi ta daina cin abinci ta mutu, tana tambaya ko maganin ne.

Allah Ya mayar miki da alheri 'yar uwa, kuma eh, akwai yiwuwar shi ne. Yawancin magungunan ɓera irin su warfarin da brodifacoum hana jini daskarewa suke yi, ba nan take suke kisa ba, ɓeran zai ci ya yi kwana 3 zuwa 5 yana yawo a galabaice, kin ga a wannan halin shi ne ya fi sauƙin kamu, sai kyanwa ko kare ko mujiya su cafke shi su haɗiye gubar tare da shi. Alamar da za ki duba, ki ɗaga leɓen dabbar ki ga dasashi, in ya yi fari fat maimakon ja-ja, ga kasala ga numfashi sama-sama ko jini a hanci ko a kashi, ki garzaya wurin likitan dabbobi da kwalin maganin a hannu, ana ba da bitamin K1 kuma ana samun sa'a in an zo da wuri. Ni kaina na taɓa tsintar mujiya a mace a gindin bishiya bayan an sa irin wannan magani a wata gona da nake kula da ita, jikinta lafiya lau ba rauni ko ɗaya, wallahi abin ya tsaya min a rai, don mujiya guda ɗaya na cin ɓeraye 3 zuwa 4 a dare ɗaya ba tare da ka biya ta ko sisi ba. Shi ya sa nake cewa a fara da tarko, a jera shi a jikin bango a rufe da akwati mai ƙaramar ƙofa yadda kaza ko kyanwa ba za su sa kai ba. In dole sai an sa guba, a riƙa zagayawa kullum da safe ana tsince matattun ɓerayen ana binnewa da zurfi.

Tunda ana maganar kyanwa bari in ƙara wannan, kar a taɓa ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, haka maganin kaska na karnuka mai ɗauke da permethrin guba ne a jikinta.

Wani dattijo ya ce kabewarsa da kokwamba suna ta fure amma 'ya'yan sai su yi ruwan ɗorawa su zube tun suna ƙanana, alhali yana feshi duk safiya.

Baba feshin safiyar nan shi na fi zargi. Waɗannan shuke-shuke furen namiji daban na mace daban, na macen shi ne mai ɗan ƙulli a gindinsa, kuma sai ƙudan zuma ya ɗauko garin furen namiji ya kai wa na mace sannan ɗan zai zauna. Furen da safe yake buɗewa, lokacin ne ƙudan zuma ke aiki, kai kuma lokacin kake feshi. Ka mayar da shi yamma lis, kuma sai in ka ga ƙwarin da idonka. Kafin zuman su dawo, ka tsinki furen namiji da sassafe ka cire ganyensa ka goga tsakiyarsa a cikin na mace. Kwaɗi da bushiya da kake gani a lambun ma ka ƙyale su, ƙwari suke ci maka.

An tambaya ko kashin kare da na kyanwa zai yi taki a lambu. A'a, yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, na kyanwa kuma har da wata cuta mai haɗari ga mai juna biyu. Na kaji yana da kyau amma sai ya ruɓe sosai, ɗanye ƙona shuka yake.

Sai mai cewa karensa ya yi faɗa da wata dabbar daji cikin dare ya dawo da cizo a wuya. Kar ka jira ka ga abin da zai faru, ka killace shi ka kira likitan dabbobi yau ɗin nan, kuma kar ka taɓa raunin da hannu tsirara. Abin tsoron shi ne ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 duk shekara, mafi yawa ta cizon kare. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo rigakafi daga wata 3, sannan a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. In karen ya ciji wani a gidan ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 a agogo, sannan a wuce asibiti a fara allura a ranar. Daga yanzu kuma ka riƙa shigar da shi cikin shinge kafin duhu ya yi.