Tambaya da Amsa: Wai wane ne Vincent de Paul ɗin nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni musulma ce, akwai wasu 'yan cocin Katolika da suke zuwa su biyu-biyu wajen wata tsohuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, su kawo mata hatsi da sabulu wani lokacin har kuɗin magani, sai na ji ana ce musu 'yan Vincent de Paul. Wai shi wane ne, shi ya kafa ƙungiyar? Kuma kirista kaɗai suke taimakawa?
Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A'a, ba shi ya kafa ta ba, ya daɗe da mutuwa ma kafin nan. Wani ɗalibi ne mai suna Frédéric Ozanam da abokansa suka fara ta a Paris a 1833 yana ɗan shekara 20, suka sa mata sunan mutumin da suke koyi da shi.

Shi Vincent fada ne, wato limamin coci, na Katolika, ɗan talakawa, an haife shi a 1581 a wani ƙauye Pouy a kudu maso yammacin Faransa. Kiwo ya taso yana yi. Babansa har shanun huɗa ya sayar don yaron nan ya yi karatu, amma shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa akwai ranar da baban ya zo duba shi a makaranta ya ƙi fitowa, wai kunya yake ji don tsohon yana ɗingishi ga kayan ƙauye a jikinsa. Kuma da ya zama fada a 1600 abin da ke gabansa dai ya samu muƙami mai tsoka ya rufa wa gidansu asiri. Na kawo wannan ne don kar ki ɗauka da waliyinsa aka haife shi.

Inda labarin ya juya shi ne 1617, a wani gari Châtillon. Ran Lahadi yana shirin shiga coci aka zo aka ce masa akwai wani gida a bayan gari duk mutanen gidan suna kwance babu mai ɗaga wani, sai ya sa maganar cikin wa'azi, kuma ta shiga jikin mutane sosai, da yamma da ya kama hanyar gidan sai ga mata jere wasu na zuwa wasu na dawowa kowa da abin da ta kai. Da wani ne da ya ce madalla ya koma gida. Shi kuwa lissafi ya yi, abincin nan ya fi ƙarfinsu yau, rabi zai lalace, sati mai zuwa kuma an manta da su yunwa ta dawo. Sai ya tara matan garin ya ce a raba kwanaki, kowace da ranarta.

Ƙa'idar da ya rubuta musu ita ce ta fi burge ni gaskiya, don har ƙananan abubuwa bai bari ba. Mai ranar ita za ta dafa ta kai da kanta, ta gaida marar lafiya da fara'a, ta shimfiɗa masa ƙyalle ta ajiye kofi da cokali da burodi, ta sa ya wanke hannu. Sannan ta fara da waɗanda suke da mai jinya, wanda ba shi da kowa a bar shi ƙarshe don ta samu ta zauna da shi ta daɗe. Wanda bai taɓa zaman jinya ba, wannan dabarar ba za ta zo masa ba.

Bayan nan aiki ya yi ta faɗaɗa, fursunonin da ake ɗaurewa da sarƙa suna tuƙa jiragen ruwan sarki, jariran da ake yasarwa a titunan Paris, a 1633 kuma shi da wata mata mai suna Louise de Marillac suka kafa ƙungiyar sistoci, yawanci 'yan matan ƙauye, masu shiga gida-gida maimakon zaman kulle kamar yadda aka saba a lokacin. Ya rasu ran 27 ga Satumba 1660, cocin ta ayyana shi waliyi a 1737.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa, dokar ƙungiyar ba ta ware addini ba, mabuƙaci kawai ake dubawa, kuma zuwa gida da ƙafa su biyu-biyu tsarinsu ne na asali. Kuɗin daga baikon 'yan coci ne da kuma aljihun membobin, in sun yi taro akan zagaya da jaka kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa ba tare da na kusa da shi ya gani ba.