Hajiyarmu ta rikice cikin kwana uku, wane agogo za mu saya mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu shekarunta 78, tana da suga da hawan jini. Har ranar Juma'a ita ta lissafa kuɗin cefane da kanta. Daga Asabar ta fara surutai, tana kiran Baba wanda ya rasu tuntuni, dare kuma ba barci. Na rubuta wa manhajar AI ta wayata, ta ce alamun ciwon mantuwa ne. Mai kemis ɗin layinmu ya ba mu ƙwayar barci. Yayanmu ya ce a saya mata agogon da ke nuna inda mutum yake, kada ta ɓace. Wane iri ya fi? Wallahi hankalina a tashe yake. Daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, ajiye zancen agogo ki ɗauki mayafinki. Ga Asibitin Malam Aminu Kano nan kusa da ku, a kai ta sashen gaggawa yau ɗin nan. Ƙwayar barcin kuma kada a ƙara ba ta ko rabi. In akwai na'urar gwada suga a gida, a gwada kafin a fita. In sugan ya yi ƙasa da 70 mg/dL kuma tana iya haɗiya, a ba ta ruwan sukari.

Ciwon mantuwa ba ya sauka cikin kwana uku. A hankali yake shigowa, wata da watanni, har shekaru: yau ta manta inda ta ajiye carbi, baɗi ta manta sunan jika. Wadda ta yi lissafin cefane ranar Juma'a ta wayi gari Asabar tana surutai, wannan rikicewar farat ɗaya ce, mu likitoci muna kiranta diliriyam, kuma kusan kullum jiki ne ke kuka ta bakin ƙwaƙwalwa. Dalilin yakan zama ciwon mafitsara, nimoniya, faɗuwar suga, shanyewar ɓarin jiki, ko ƙarancin ruwa a jiki. Tsofaffinmu da yawa suna rage shan ruwa don gudun zaryar banɗaki da dare, alhali a Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Sannan tsoho yakan kamu da ƙwayar cuta jikinsa bai ko yi ɗumi ba.

Wannan kuskuren ya ishe ni, kullum sai na gamu da shi. Ana shigo mana da tsohuwa a kan keken marasa lafiya, leɓe a bushe, ido a lumshe da tsakar rana, an yi mako biyu ana cewa gigin tsufa ne. Wani ya ce iska ce, an yi hayaƙi a ɗaki an rufe taga. Wani ya ce a kai ta asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Mai kemis ya ƙirga mata diyazifam a leda, ƙwayar da ke ƙara wa tsoho ruɗewa, ta sa shi faɗuwa ya karya ƙugu. Ba na hana addu'a, ni ma ina yi, a yi ta a cikin mota a hanyar asibiti. Yanzu kuma ga sabon malami a aljihu. Manhajar nan ba ta taɓa goshin Hajiya ba, ba ta ga launin fitsarinta ba. Abin da kika rubuta mata shi take juyawa ta maido miki da lafazi mai daɗi, har in ta yi kuskure da ƙarfin gwiwa take faɗa. Kika ce tsohuwa, kika ce mantuwa, sai ta jona su. Abin takaicin, diliriyam yakan warke in an gano dalilinsa da wuri, jinkiri ne ke kashewa.

Ki tafi da duk ledar magungunanta, har da na gargajiya da wanda kemis ya bayar. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita ya bi ku, shi zai faɗi ranar da abin ya fara.

Bayan ta warware, fasaha tana da amfaninta, kuma mai arha ta fi aiki. Fitila mai caji da ke kunna kanta in mutum ya motsa, a sa a hanyar banɗaki. Ƙarfen dafawa a bango, da kujerar bayan gida in tsugunno ya gagara. Akwatin magani mai gida bakwai, da ƙararrawar waya da aka daidaita da lokutan salla, domin Hajiya ta fi riƙe "bayan azahar" a kan "ƙarfe biyu". AI ɗin ma za ki iya sa shi ya tsara miki jadawalin awon suga, ko tambayoyin da za ki yi wa likita, ban da canza magani.

Agogon sai in an tabbatar da ciwon mantuwa kuma ta fara fita ba sallama. Ko a lokacin yana son caji kusan kullum da layi mai data, kuma na ga tsofaffi da yawa sun cire shi wajen alwala sun bar shi a kan buta.