Ku Tambaya Mu Amsa: Jikina na rawa in na ga barewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Ohio ne a Amurka, bana na yanki lasin na fara bin abokan aikina farautar barewa da baka. A filin atisaye bana kuskure amma wallahi da zarar barewa ta fito sai gabana ya kama dukan uku-uku, hannuna na karkarwa, har ta wuce ban harba ba. Dan Allah ya zan yi? Daga ɗan Zariya a Columbus.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To ka kwantar da hankalinka, ko tsofaffin maharba abin nan na kama su, jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu numfashi ya gajarce. Ba zai tafi gaba ɗaya ba, sai dai ka koyi harbi yana nan.

Ni shawarata ka gama yanke hukunci tun kafin ta zo. Da ka hau bishiyar da za ka yi kwanto ka ɗaure bel ɗin da ke hana ka faɗowa, sai ka auna nisan itatuwan da ke kewaye da kai, ka ce duk barewar da ta wuce yadi 20 ba tawa ba ce. Kibiya da ƙyar take yin mita 90 a sakan ɗaya, ƙara kuwa tana yin wajen 340, kaga kenan barewa na jin ƙarar tsirkiya kafin kibiya ta iso, sai ta duƙa zata zabura kibiyar ta bi ta saman bayanta, shi yasa nesa ba ta da amfani kuma shi yasa ake saiti ƙasa-ƙasa.

In ta fito ka daina kallon ƙaho, musamman a Nuwamba lokacin barbara da manyan maza ke yawo, ƙahon nan shi ke rikita mutane. Ka zuba ido a wuri ɗaya ƙarami bayan kafaɗa, inda huhu da zuciya suke, ka jira ta ba ka gefe, in ta fuskanto ka ka haƙura. Ka ja tsirkiya lokacin da kanta ya shiga bayan itace, numfashi a hankali, ka ranƙwafa daga ƙugu tunda daga sama kake, ka yi bisimilla ka saki, kar ka sauke baka sai kibiya ta isa. A atisaye ma ka ɗan yi gudu tukuna sannan ka harba kibiya ɗaya tak kana haki.

Bayan harbi kar ka sauko da gaggawa, ba ta ko minti 30. Duba kibiyar, jini mai haske da kumfa huhu ne, mai duhu hanta ce sai ka ƙara jira, in ka ji warin tumbi to awa 8 ko fiye, don in ka tashe ta da rauni zata yi nisa ta mutu a banza, abin da ke min ciwo kenan. In ka same ta da sauran rai ka yanka ta nan take.