Makirufona ya ƙi magana a laftof

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Na sayi makirufo irin na situdiyo don in riƙa ɗaukar karatu a ɗaki, wayar shi gefe ɗaya mai ramuka uku ce, ɗaya gefen kuma irin bakin iyafis. Na soka a laftof amma muryar can ƙasa take fitowa kamar daga rijiya, ga wani shuuu. An cuce ni ne ko ni ne ban iya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka koma wa mai kaya da faɗa, fara rikodin ka ɗan ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, sannan ka ƙwanƙwasa gefen kyamarar laftof ɗin. In na biyun ne ya fi fitowa toh tun farko ba da sabon makirufonka kake ɗauka ba, ɗan ƙaramin da ke jikin laftof ne yake ta aiki kai kuma kana ta zuba murya a banza.

Yanzu zaro bakin wayar ka ƙirga baƙaƙen zoben da ke jikinsa. Yawancin laftof na yanzu rami ɗaya gare su na 3.5mm da ya haɗa ji da magana, kuma baki mai zobe uku yake jira irin na iyafis ɗin wayar hannu, in ka soka mai zobe biyu sai ta ɗauka hedifon ne kawai ka sa mata. Akwai 'yar waya mai raba ramin gida biyu, ɗaya na makirufo ɗaya na kunne, ita ce maganin wannan. A kwamfutar tebur abin da sauƙi, rami mai ruwan hoda na makirufo ne, kore na sifika.

Amma gaskiya ko ka raba ramin ba lallai ka ji daɗin sautin ba, don ina zargin naka irin makirufon da ake ce wa kwandansa ne, shi kuma kwandansa sai da wuta yake aiki. Na situdiyo 48V yake so, wadda ake kira fantom fawa, ramin laftof kuwa 'yar wutar da yake bayarwa ba ta wuce bolt 5 ba, kaga kamar ka ba ingarman doki abincin kaza ne, sai ka yi ta ƙara murya a manhaja shuuu ɗin ma yana ƙaruwa tare da ita. Abin da masu situdiyo ke yi shi ne su sa akwatin sauti na USB a tsakani, wanda suke ce wa sawun kad, irin su Focusrite Scarlett ko Behringer. Makirufo ya shiga akwatin da waya mai XLR baki biyu (XLR shi ne irin bakin nan da ke shiga jikin makirufonka), akwatin ya shiga kwamfuta ta USB. Ka maida maɓallin GAIN na jikin akwatin, wato mai ƙara ƙarfin murya, ƙasa, ka soka makirufo, sannan ka danna 48V, in za ka cire kuma ka fara kashe shi. Makirufo dainamik irin Shure SM58, wanda tun 1966 ake ƙera shi, ba ruwan shi da wannan wutar, kuma bai cika kwaso ƙarar fanka da hayaniyar waje ba, ni dai a ɗakin da ba a gyara ba shi na fi so.

Sauran saiti ne. A Windows ka duba ko an ba manhajoji izinin makirufo. Ka haɗa komai kafin ka buɗe Audacity, manhajar ɗaukar murya ce ta kyauta, ka zaɓi sunan akwatin a jerin na'urori. Ka murɗa GAIN har in ka ɗaga murya mitar sauti ta Audacity tana tsayawa tsakanin -12 da -6, kar ta taɓa 0, don muryar da ta fashe ba ta ɗinkuwa. Tsakanin bakinka da makirufo kamar ɗani guda, ka ɗan karkatar da shi gefe saboda iskar "f" da "b".

TAMBAYA: Malam nawa na USB ne kuma yana ɗauka lafiya, sai dai da na jona caja sai ya fara zzzz, sannan ina jin muryata a kunne tana zuwa a makare, har rikita ni take. Ya zan yi?

AMSA: 'Yar'uwa ai kin riga kin kama ɓarawon, cajar ce. Ki cika batir ki zare ta lokacin ɗauka, ki kuma nisanta wayar makirufo da wayoyin wuta. Makarar muryar kuma saboda sai ta shiga kwamfuta ta zagayo kafin ta iso kunnenki ne. Duba jikin makirufon, da yawansu suna da ramin hedifon, ki soka a nan za ki ji kanki nan take, sai ki kashe sauraron da ke cikin manhajar don kar ki riƙa jin murya biyu.