An karɓi taki da sunana, ni kuwa ko buhu ban gani ba

Barista, ni manomin masara ne a wani ƙauye da ke kusa da Zariya. Kafin damina aka rubuta sunayenmu, aka karɓi lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da ta waya, aka ce za a ba mu takin tallafi. Ranar rabo na je tun da hantsi, mai riƙe da rajista ya duba ya ce ai an riga an karɓi nawa, har ga dangwalen yatsa a gaban sunana. Bayan kwana biyu na ga irin buhunan a kasuwa ana sayarwa. Zan iya kai ƙara?

Malam, Allah ya ba da haƙuri. Bari in fara da mai ɗacin. Tallafin taki ba bashi ba ne da kake bin gwamnati. Da a ce sunanka ne kawai bai fito ba, da wuya alƙali ya tilasta a ba ka. Amma taka maganar daban ce: sunanka ya fito, wani ya dangwala a madadinka. Wannan ya bar rashin sa'a ya koma laifi. Dokar Penal Code ta Jihar Kaduna ta 2017 ta tanadi hukunci kan zamba, yin sojan gona, da cin amanar dukiyar da aka danƙa wa mutum.

Sai dai kotu ba ta aiki da "an ce". Takarda take nema, kai kuwa ba ka da ita, tana cikin durowar wanda kake zargi. A nan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 za ta yi maka rana. Jihohi sun daɗe suna cewa ba ta shafe su ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau kan kowane matakin gwamnati. Rubuta wa Ma'aikatar Noma ta jiha, ka nemi adadin buhunan da aka ware wa gundumarku, ranar rabo, waɗanda suka sa ido a kai, da shafin rajistar da sunanka yake. Kada ka nemi lambobin sauran mutane, za a fake da sirrinsu a hana ka duka. Kai takardar da hannu, ka tsaya a buga hatimi da kwanan wata a kwafinka. Na sha ganin magana mai ƙarfi ta mutu don kawai mutum ya miƙa takarda ya juya. Kwana bakwai suke da shi su amsa. In sun ƙi ko sun yi gum, kana da kwana 30 ka garzaya Babbar Kotu.

Da amsar a hannu, sai hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, domin irin wannan shi ne aikinta. Akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a, wadda ba ta karɓar ko sisi, amma kada ka bari shekara ta wuce. In kuma kana son ƙarar jami'in don neman diyya, ka hanzarta, domin lauyansa zai ɗago dokar kare ma'aikatan gwamnati mai wa'adin wata uku.

Abin da ya fi damuna shi ne NIN ɗinka. Bincika ko shirin kyauta ne, rangwame ne, ko rance. Shirin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 rance ne, duk da mutane da yawa sun ɗauke shi rabon arziki. In naku ma rance ne, wani ya ci, kai za a zo wa da takardar biya. Saboda haka rubuta ƙorafi yau ɗin nan cewa ba ka karɓa ba.

Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Nemi waɗanda aka yi wa irin taka, ko goma ne, ku sa hannu tare ta ƙungiyar manomanku. Ɗauki hoton buhunan kasuwar yadda tambarin zai fito sosai, ka ajiye. Amma ka riƙe yatsanka daga kiran sunan wani ɓarawo a Facebook, kada mai neman haƙƙi ya wayi gari shi ake tuhuma da ɓata suna.